Tukunyar da ke datse saiwa: Yadda dokar wiwi a Jamus ta buɗe wa kayan masu renon itatuwa sabuwar kasuwa

Tun ranar 1 ga Afrilun 2024 da sabuwar dokar tabar wiwi ta fara aiki a Jamus, duk wanda ya kai shekara 18 yana da damar shuka tushe uku na wiwi a gidan da yake zaune. Dokar ta kuma ba shi damar ajiye giram 50 na busasshiyar tabar a gida, da riƙe giram 25 idan ya fita waje.

An tafka muhawara kafin majalisar dokokin ƙasar ta Bundestag ta amince da ƙudurin a watan Fabrairun 2024, kuma har yanzu ƙurar ba ta lafa ba. Sai dai yayin da 'yan siyasa da likitoci da 'yan sanda ke ta kai ruwa rana, 'yan kasuwa sun daɗe da baje kolinsu. Shagunan kayan lambu da shafukan sayayya na intanet sun cika da fitilu da ƙananan tantuna da takin zamani, sai kuma wani kaya da ba a cika kula da shi ba, wato tukunyar da ke datse saiwar shuka.

Wannan tukunya ba don wiwi aka ƙirƙiro ta ba. Masu renon itatuwa ne suka samar da ita domin magance wata matsala da ta daɗe tana kashe musu dashe, matsalar da ake fama da irinta a gandun renon itatuwa na Kano da Katsina da Maradi. Shi ya sa labarin ya wuce batun masu shan hayaƙi a Berlin.

Me ya sa tukunya ta zama abin magana?

Amsar tana cikin yadda aka rubuta dokokin. Kusan duk ƙasar da ta halatta shuka wiwi a gida, yawan tushe ta ƙayyade. Uruguay, wadda ta fara a Disambar 2013 zamanin Shugaba José Mujica, ta amince da tushe shida. Kanada ta ba kowane gida damar tushe huɗu daga 17 ga Oktoban 2018, ko da yake lardin Quebec ya haramta shukar gida baki ɗaya, kuma Kotun Ƙolin ƙasar ta goyi bayansa a 2023. Malta a 2021 da Luxembourg a 2023 duk tushe huɗu suka yanke wa kowane gida. Jamus ta tsaya a uku ga kowane baligi.

Idan doka ta hana mutum ƙara yawan shuka, hankalinsa zai koma kan yadda kowace shuka za ta yi kyau. Nan ne masu sayar da kaya suka samu ƙofa. Tallan da suke yi shi ne, saiwa mai yawa ita ce ganye mai yawa, kuma tukunyarsu ce ke ba da saiwa mai yawa.

Ga kuma yanayin ƙasar. Lokacin zafi a Jamus gajere ne, sanyi na shigowa da wuri, kuma fiye da rabin jama'ar ƙasar a gidan haya suke zaune, yawanci a bene marar fili. Dokar ta kuma wajabta a killace shukar yadda yara da baƙi ba za su kai gare ta ba. Waɗannan dalilai suka tura mutane da yawa shuka a cikin ɗaki, inda duk rayuwar shukar ta dogara da 'yar ƙasar da ke cikin tukunya.

Yadda abin yake aiki

Duk wanda ya taɓa fasa ledar dashen mangwaro ko darbejiya da ta daɗe a gandu ya ga matsalar da idonsa. Saiwa tana tafiya ne da bakinta. Idan ta ci karo da bango mai santsi, na roba ko na leda, ba ta tsayawa, sai ta bi bangon tana zagayawa. Bayan wasu makonni sai a tarar da saiwoyi sun nannaɗe kamar gammo a gindin mazubin, tsakiyar ƙasar kuma babu komai.

Irin wannan saiwa doguwa ce amma ba ta da rassa, alhali ƙananan rassan nan masu kama da gashi su ne ke tsotsar ruwa da abinci. Kuma da yake ta lafe a jikin bango, ita ce ta farko da zafi ke dafawa.

Tukunyar datse saiwa tana hana wannan zagaye. Idan bakin saiwar ya leƙo waje ya haɗu da busasshiyar iska, sai ya bushe ya mutu. Mutuwar bakin ce ke sa shukar ta fitar da sababbin rassa daga baya, kamar yadda reshen bishiya ke tofo da yawa idan aka sare kansa. Su ma sababbin idan suka kai bango haka za ta faru da su. A ƙarshe sai ƙasar ta cika da ƙananan saiwoyi tun daga tsakiya har gefe.

Daga cikin waɗanda suka yi fice a wannan bincike akwai Carl Whitcomb, masanin kimiyyar lambu da ya koyar a Jami'ar Jihar Oklahoma a Amurka, wanda daga baya ya fito da tukwanen RootMaker. A birnin Oklahoma ɗin ne kuma kamfanin da ke yin Smart Pot ya fara ɗinka jakunkunan yadi ga masu noman itatuwa a shekarun 1980. A Scotland ake ƙera Air-Pot daga robar da aka sake narkarwa. Dukkansu manyan gandayen itatuwa ne abokan cinikinsu na farko, kafin masu wiwi su gano su.

Iri uku da ke kasuwa

Na farko ita ce tukunyar yadi. Da wani kauri-kaurin ƙyalle na roba ake ɗinka ta, mai barin iska da ruwa su ratsa. Ita ce mafi araha, ba ta da nauyi, kuma ana iya naɗe ta a ajiye. Ruwan da ke tsattsafowa ta jikinta yana sanyaya ƙasar kamar yadda randa ke sanyaya ruwa. Aibinta shi ne saurin bushewa, da farin gishirin taki da ke taruwa a jikinta, da wahalar cire shuka daga ciki saboda ƙananan saiwoyi na maƙale wa yadin.

Na biyu ita ce ta roba mai ƙuraje kamar kwalin ƙwai. Kowane tsini da ya fito waje yana da huda a bakinsa, wanda ya shiga ciki kuma a toshe yake, don haka duk inda saiwa ta nufa sai an karkata ta zuwa huda. Ana kwance ta kamar tabarma idan za a cire shuka, ana wanke ta, tana kuma shekaru. Amma ta fi tsada, kuma idan aka kwarara mata ruwa da gaggawa sai ya fice ta hudojin gefe kafin ya jiƙa tsakiya.

Na uku ita ce tukunyar da ake shafa wa sinadarin tagulla a ciki, wanda ke ƙona bakin saiwa idan ta taɓa shi. An fi amfani da ita a gandayen itatuwan katako da na ado. Masu shuka abin da za a ci ko a sha ba su cika kusantar ta ba.

Abin da ya haɗa iri biyun farko shi ne ƙishirwa. Duk tukunyar da iska ke ratsawa tana buƙatar ban ruwa akai-akai fiye da ta roba mai santsi. Ga wanda hannunsa ke da nauyi wajen ban ruwa, wannan alheri ne, domin yawan ruwa da rashin iska ne ke ruɓar da saiwa. Ga mai tafiye-tafiye ko mai mantuwa kuwa, kwana biyu ya isa ya dawo ya tarar da shuka ta yi yaushi.

Tsakanin talla da gaskiya

Akwai abin da masu talla ba su cika faɗa ba. Mafi yawan binciken da aka wallafa kan datse saiwa a kan itatuwa aka yi shi, kuma a can amfanin a fili yake. Bishiyar da aka dasa da nannaɗaɗɗiyar saiwa tana iya yin shekaru tana girma kamar lafiya lau, sai saiwar ta yi kauri ta shaƙe gindin, ko iska ta tuge ta saboda ba ta kama ƙasa ba.

Wiwi kuwa shuka ce ta 'yan watanni. Ba ta daɗewar da saiwa za ta shaƙe ta. Abin da take samu daga irin wannan tukunya shi ne iska a ƙasa da saurin tsanewar ruwa. Wannan amfani ne na gaske, amma bai kai abin da ake zuzutawa ba. Haske da irin da aka shuka da kulawar mai shukar sun fi tukunya tasiri nesa ba kusa ba.

Ga kuma wani saɓani da ke cikin dokar Jamus kanta. Tushe uku da suka samu kulawa suna iya ba da abin da ya ninka giram 50 da aka yarda a ajiye. Dokar ta haramta sayarwa, ta haramta ba wa aboki ko maƙwabci kyauta. Wanda aka samu da abin da ya ɗan haura giram 50 tara ce a kansa, wanda ya haura 60 kuma ya shiga laifin da ake gurfanarwa a kotu. Ke nan mutumin da ya kashe kuɗi domin ya ninka amfanin shukarsa, ƙarshenta ko dai ya lalata rarar ko ya karya doka. Masu sukar dokar daga ɓangarorin biyu suna nuna wannan giɓi: masu goyon baya na cewa a ɗaga adadin, masu adawa na cewa wannan rarar ce ke silalewa zuwa hannun matasa.

Likitoci ma suna da nasu ƙorafin. Ƙungiyar likitocin Jamus ta yi adawa da dokar tun farko, tana nuni da cewa ƙwaƙwalwar ɗan Adam na ci gaba da ginuwa har kusan shekara 25. Ƙungiyoyin noman haɗin gwiwa da aka ba dama daga 1 ga Yulin 2024, waɗanda kowacce ba za ta wuce mambobi 500 ba, an hana su ba 'yan ƙasa da shekara 21 tabar da sinadarin THC mai bugarwa ya wuce kashi 10 cikin 100. Wadda mutum ya shuka a ɗakinsa kuwa babu mai auna ƙarfinta.

Ruwa, danshi da kuɗin wuta

Ruwan da ke fita ta jikin tukunyar yadi ba ɓacewa yake yi ba, cikin iskar ɗakin yake shiga. A gidajen Turai da ake rufe tagogi ruf saboda sanyi, danshi na nufin fumfuna a bango, kuma fumfuna na daga cikin abubuwan da suka fi haddasa rigima tsakanin masu gidaje da 'yan haya a Jamus. Dokar ta ba ɗan haya damar shuka, amma ba ta ɗauke masa alhakin ɓarnar da ya yi wa ginin ba. Ruwan da ya tsiyaya ya lalata daɓen katako shi zai biya.

Domin korar danshin sai an kunna fanka ko na'urar tsotse laima, a kan fitilun da ke ci sa'o'i da yawa kullum. Wutar lantarkin gidaje a Jamus kuwa tana cikin mafi tsada a Turai.

Wannan ya kai mu ga batun muhalli. Wani bincike da masanin makamashi Evan Mills ya wallafa a 2012 ya ƙiyasta cewa noman wiwi a cikin ɗaki na cinye kusan kashi 1 cikin 100 na wutar lantarkin Amurka. A 2021 masu bincike a Jami'ar Jihar Colorado sun gano cewa samar da kilo ɗaya na busasshiyar wiwi a rufaffen gini a Amurka yana fitar da hayaƙi mai dumama yanayi da ya kai tsakanin kilo 2,283 zuwa 5,184, gwargwadon garin da aka yi noman. Idan aka dubi wannan, tallan da ake yi cewa tukunyar yadi ko ta robar da aka sake narkarwa "mai kare muhalli" ce, ƙaramin abu ne a cikin babban lissafi.

Makomar dokar

Kasuwar nan tana tsaye ne a kan dokar da ita kanta ba ta gama zama da gindinta ba. Gwamnatin Olaf Scholz ce ta kawo ta, ƙarƙashin ministan lafiya Karl Lauterbach, da hujjar cewa haramci bai hana sha ba, sai dai ya azurta dillalai. Jam'iyyun CDU da CSU sun yi alƙawarin soke ta lokacin yaƙin neman zaɓen Fabrairun 2025. Amma da Friedrich Merz ya zama shugaban gwamnati a watan Mayun 2025, sai da ya haɗa kai da SPD, jam'iyyar da ta kawo dokar. Matsayar da suka cimma ita ce a yi nazarin tasirinta tukuna.

Rahoton farko na nazarin, wanda ya fito a ƙarshen Satumban 2025, ya nuna cewa ƙungiyoyin noman haɗin gwiwa ba su taka rawar kirki ba wajen rage kasuwar bayan fage. Wannan ya ƙara wa shukar gida muhimmanci a muhawarar, domin ita ce ɗaya hanyar da dokar ta buɗe wa masu sha don nishaɗi. Idan aka soke ta ko aka rage yawan tushe, masu shagunan da suka cika rumbunansu da tukwane da fitilu su ne za su fara ji a jikinsu.

A nan gida fa?

A Najeriya babu wannan magana. Shuka wiwi, ko a daji ko a tukunya a bayan ɗaki, laifi ne mai ɗaurin shekaru masu yawa. Hukumar NDLEA, wadda aka kafa a 1989 kuma Janar Buba Marwa mai ritaya ke jagoranta tun Janairun 2021, tana lalata gonakin wiwi a dazukan Ondo da Edo da maƙwabtansu, kuma ta sha bayyana adawarta da halatta tabar. Binciken da aka yi da haɗin gwiwar ofishin Majalisar Ɗinkin Duniya mai yaƙi da miyagun ƙwayoyi a 2018 ya ƙiyasta cewa mutum miliyan 10.6 ke shan wiwi a ƙasar.

Noman cikin ɗaki na ƙasashen waje ma yana iso mu ta wata hanyar. NDLEA ta sha sanar da kama wata wiwi mai ƙarfi da ake kira Loud a tashoshin jiragen ruwa da na sama na Legas, wadda ake shigowa da ita daga Kanada. Ƙwarewar da ake samu a can wajen ƙara wa tabar ƙarfi, a unguwanninmu wani ɓangare na sakamakonta ke bayyana.

Wasu ƙasashen Afirka sun ɗauki wata hanyar. Kotun Tsarin Mulkin Afirka ta Kudu ta halatta shuka da sha a keɓe tun 2018, kuma Shugaba Cyril Ramaphosa ya sa hannu kan dokar a Mayun 2024. Maroko ta amince da noman magani da na masana'antu a 2021. Majalisar Ghana ta amince a 2023 da ba da lasisin noman irin da THC ɗinsa bai wuce kashi 0.3 cikin 100 ba, wanda ba ya bugarwa. Shuka don sha har yanzu laifi ne a Ghana.

Darasin da ya shafi masu dashen itatuwa

Inda wannan fasaha ta fi shafar Arewa shi ne wurin da ta samo asali. Kowace damina gwamnatoci da ƙungiyoyi suna raba dashe masu ɗimbin yawa a jihohi 11 da ke bakin hamada ƙarƙashin shirin Babbar Katangar Itatuwa da Tarayyar Afirka ta ƙaddamar a 2007. Akwai kuma shirin ACReSAL da Bankin Duniya ya amince wa dala miliyan 700 a ƙarshen 2021 domin jihohin Arewa 19 da Abuja. Kusan duk dashen da ake rabawa a baƙar leda ake renonsu, wani lokaci ma a ledar ruwan sha.

Idan dashe ya mutu akan ɗora laifin kan awaki ko fari ko rashin ban ruwa, kuma sau da yawa haka ne. Amma dashen da ya wuce lokacinsa a leda, saiwarsa ta nannaɗe ko ta huda leda ta shiga ƙasa aka tsinke ta ranar ɗauka, ya riga ya samu rauni kafin ya isa rami. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, kuma saiwar da ta tanƙware a leda ba ta miƙewa daga baya.

Sai dai kwaso tukwanen Turai a zuba a Gumel ko Illela ba zai wadatar ba. Tukunyar da ke bushewa da sauri a ɗaki mai sanyi a Hamburg, a zafin Afrilu na Sakkwato da iskar hunturu sai ta ninka buƙatar ruwa, a wurin da ruwan ne ke da tsada. Sannan itatuwa irin su gawo da bagaruwa da aduwa sun dogara ne da doguwar saiwa mai nutsawa ƙasa neman ruwa. Datse ta da wuri a gajeren mazubi na iya rage musu juriyar fari. Abin da ya fi dacewa da irin waɗannan shi ne dogon mazubi siriri mai buɗaɗɗen gindi da ake ɗorawa a kan raga sama da ƙasa, irin wanda masu gandun daji a Indiya suka daɗe suna amfani da shi, tare da dasawa a kan kari.

Manoman Maradi da Zinder sun riga sun nuna darajar saiwa ta wata hanyar. Tun shekarun 1980, da ƙarfafawar Tony Rinaudo ɗan Ostireliya da abokan aikinsa, suka koma kula da tohon da ke fitowa daga tsofaffin kututture a gonakinsu. An ƙiyasta cewa hakan ya farfaɗo da kusan hekta miliyan 5 a Nijar. Sirrin shi ne saiwar tana nan a ƙasa da ranta, ta riga ta kai ga ruwa.

Tambayar da ya kamata hukumomin da ke sayen dashe su riƙa yi wa 'yan kwangila ita ce, wata nawa dashen ya yi a leda, kuma yaya saiwarsa take idan aka fasa guda goma aka duba. A halin yanzu yawan ledojin da aka sauke daga mota ake ƙirgawa a biya kuɗi, kuma ba kasafai ake komawa bayan shekara biyu a ƙirga waɗanda suka rayu ba.